Tansu: Adakar Mutanen Japan da Sirrin Katakonta

Ƙasar Japan ƙasa ce mai yawan laima, musamman a watannin Yuni da Yuli lokacin da ruwan sama kan ɗauki kwanaki yana zuba. Irin wannan yanayi babban abokin gaba ne ga tufafi, domin funfuna da ƙwari sun fi yaɗuwa a cikinsa. Duk da haka, mutanen ƙasar sun daɗe suna ajiye rigunansu na alharini, wato kimono, har su gadar wa jikoki. Abin da ya taimaka masu shi ne wata irin adaka ta katako mai aljihuna da suke kira tansu.

Tansu ta yaɗu ne a zamanin Edo, wato daga 1603 zuwa 1868. Kafin nan, mutanen birane sun fi amfani da manyan akwatuna, wasu masu ƙafafun turawa. A gobarar da ta cinye birnin Edo (Tokyo ta yau) a 1657, irin waɗannan akwatuna sun toshe hanyoyi yayin da jama'a ke gudu, dubun-dubatar mutane kuma suka halaka. Daga baya hukuma ta hana amfani da su a manyan birane. Ita kuwa tansu, akan yi mata hannuwa na ƙarfe da za a zura sanda mutum biyu su ɗauka, kuma sau da yawa gida biyu ce, ɗaya a kan ɗaya. Akwai ta tufafi, da ta madafa, da ta magunguna, da ta jiragen ruwa, har da wadda aka yi da siffar matakala, ana hawa ta zuwa bene ana kuma ajiya a cikinta.

Itacen da ya fi shahara wajen yin ta tufafi shi ne kiri, wanda masana tsirrai ke kira Paulownia tomentosa. Itace ne mai saurin girma, shi ya sa a da akan dasa shi in an haifi 'ya mace, a sare shi a yi mata adaka lokacin aurenta. Garin Kamo da ke lardin Niigata ya yi suna a wannan sana'a har yau.

Domin a fahimci amfanin kiri, sai an duba yadda katako yake. Katako tarin ƙwayoyin halitta ne matattu masu rami a ciki, bangonsu kuma an gina shi ne galibi da sinadarin selulos, wanda ke jawo ruwa daga iska. Idan laima ta yi yawa bangon ya sha ruwa ya kumbura, idan iska ta bushe ya saki ruwan ya tsuke. Kafintocin Japan sun ci moriyar wannan ɗabi'a: sukan fere aljihun adaka ya zauna cif a mazauninsa, ta yadda da damina in ya ɗan kumbura sai ya toshe kafofin da iska mai laima za ta shiga. Kiri ya dace da haka domin kumburinsa kaɗan ne, ba ya kuma saurin karkacewa.

Bugu da ƙari, ramukan ƙwayoyinsa manya ne kuma cike da iska. Nauyinsa bai wuce kusan kashi 30 cikin 100 na nauyin ruwa mai girma ɗaya da shi ba. Tunda iska ba ta saurin ratsar da zafi, a lokacin gobara bayan adakar kan zama gawayi kafin zafi ya isa ciki. Haka kuma yana ɗauke da sinadarai irin su tanin da sesamin, waɗanda ake danganta ƙarfinsa na jure ƙwari da su. Shi wannan tanin in ya haɗu da ƙarfe a cikin damshi yakan bar baƙin tabo, wannan na cikin dalilan da suka sa ake haɗa allunan da ƙusoshin itace.

A yau tufafin da ake ratayewa sun rinjayi kimono, gidaje da yawa kuma an gina su da ma'ajiyar kaya a jikin bango. Saboda haka tsofaffin tansu sun koma falo, a Japan da Turai da Amurka, inda ake ɗora masu talabijin, ko a ajiye littattafai da tangaran, ko a raba gida biyun a yi ƙananan tebura.

To, a nan ne haɗarin yake. Na'urar sanyaya ɗaki da ta ɗumama shi duk suna busar da iska. Katako kuwa yakan tsuke ta faɗinsa, amma da ƙyar yake raguwa ta tsawonsa. Idan aka haɗa allo biyu a gicciye, ɗaya na ja ɗaya na tsaye, ƙarshenta sai fuskar adakar ta tsage. Ta haka adakar da ta shekara 100 lafiya na iya lalacewa cikin 'yan watanni.

Don haka ya kamata a ajiye ta nesa da hasken rana da bakin na'ura, inda laimar iska ke tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100, a kuma ɗan janye ta daga bango. A goge ta da busasshen ƙyalle mai laushi, domin ruwa da mai kan bar tabo a jikin kiri. In aka ga ƙananan huji da garin katako a ƙasa, alama ce tsutsar ƙwaro na ci daga ciki, sai a ware ta daga sauran kayan katako a nemi masani. Wadda fuskarta ta tsufa kuwa, kafintocin Japan kan kankare siririn ɓawo daga samanta su sake shafe ta, ta ci gaba da aiki a hannun wani magajin.