Fushin da ake kaɗawa da hannu

Babi na 30 na littafin Karin Magana, cikin Littafi Mai Tsarki na mabiya addinin Kirista, ana jingina shi ga wani mai hikima, Agur ɗan Yake. A ayarsa ta ƙarshe ya jera aiki uku da sakamakonsu: nono idan aka kaɗa shi mai ke fita, hanci idan aka murɗe shi jini ke zuba, fushi kuma idan aka matsa masa husuma ke biyowa. Duk wanda ya taɓa ganin Bafillata na kaɗa nono a gefen hanyar Gusau zuwa Bungudu ya san man shanu ba ya taruwa da kansa. Sai an zauna an yi ta kaɗawa. Abin da Agur ya hango ke nan: rigima tana da mai haɗa ta.

Mutumin Nahuce ta ƙasar Bungudu bai buƙatar a fassara masa wannan. Kafin bindiga ta shigo dazukan Zamfara, an daɗe ana matsa wa zukata. An nome burtali da makiyaya, an tare mashaya. Shanu sun yi ɓarna a gona, manomi ya kai ƙara bai ga diyya ba. Makiyayi kuma aka ci shi tarar da ta zarce laifinsa, har ya sayar da saniya ya biya. Kowa ya koma gida da ƙulli a ciki. Da satar shanu ta yi ƙamari wajen 2011, 'yan sa-kai suka tashi, kuma wasunsu suka riƙa kama mutum a kasuwa su kashe ba tare da alƙali ba. Ramuwa ta biyo baya a kan waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba: Kizara ta ƙasar Tsafe a 2013, 'Yargaladima ta ƙasar Maru a Afrilun 2014.

Ba hanzari nake nema wa 'yan bindiga ba. Wanda ke satar mutane yau don kuɗin fansa, ya hana manomi girbi sai ya biya, ɗan kasuwar jini ne, kuma hukuma ce maganinsa. Sulhun da gwamnatin Bello Matawalle ta ƙulla a 2019 bai ɗore ba, don ya tarar fushin ya riga ya zama sana'a.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne har yanzu ana kaɗawa. Ana tura murya ta WhatsApp ana kiran kowane Bafillace ɗan ta'adda, alhali rugage da yawa sun rasa dabbobinsu a hannun waɗannan ɓarayin. Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024, kuma jama'a na da haƙƙin kariya. Amma duk wanda Askarawan suka kama, a miƙa shi ga 'yan sanda da kotu, a rubuta sunansa, danginsa su san inda yake.