Dangantakar Jan-nauyi da Abu Mai Kwarara Mai Caji: Bayani da Matsalar Kalmomi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana alaƙar da masana kimiyya suka gano tsakanin ƙarfin da ke jawo abubuwa ƙasa da motsin abu mai kwarara wanda ke ɗauke da cajin lantarki, sannan a duba kalmomin da suka dace da wannan fage a Hausa. An fara da hadarin damina a Mai Yara, cikin gundumar Dakwaro ta jihar Maraɗi, domin manomi da makiyayi sun riga sun san shi da idanunsu.

2.0 Abin da ke faruwa cikin hadari

A ƙasar Dakwaro hadari yakan taso daga gabas, iska mai ƙura ta riga shi isowa, sannan ruwa ya biyo baya. Asalinsa shi ne iska mai zafi da laima ta fi iska mai sanyi sauƙin nauyi, saboda haka mai sanyin takan kwanta ƙasa ta tura mai zafin sama. A can sama, inda sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifiri, ƙanƙara iri biyu takan samu: ƙanana masu kama da gari, da manya masu taushi. Idan suka yi karo a tsakiyar ɗigon ruwan da bai daskare ba, manyan sukan ɗauki caji mai alamar ɗebewa, ƙananan kuma su ɗauki mai alamar tarawa. Reynolds da abokan aikinsa sun nuna haka a ɗakin gwaji a 1957, Takahashi kuma ya faɗaɗa binciken a 1978.

Rabuwar cajin nan tana kama da sheƙar hatsi, inda tsaba ke faɗuwa gindin mai sheƙa, iska ta kwashe ƙaiƙayi. Nauyi yakan riƙe manyan ƙanƙara a tsakiyar gajimare, iska mai hawa ta kai ƙananan ƙololuwa. Idan bambancin cajin ya fi ƙarfin iskar da ke tsakani, sai walƙiya ta keta ta, ta zafafa hanyarta zuwa kimanin digiri 30,000, iskar ta buɗe farat ɗaya, a ji tsawa. A daminar 2006 an kafa na'urar rada a Yamai domin nazarin irin wannan hadari na Sahel.

3.0 Alaƙar a zurfin nazari

Akwai wata alaƙa ta biyu wadda lissafi ne ya tono ta. Einstein ya kafa ƙa'idarsa ta jan-nauyi a 1915, kuma daga cikinta aka san baƙin rami, wato wurin da jan ya yi ƙarfi har haske ba ya iya fita. A 1978 da 1979 Thibault Damour na Faransa ya nuna cewa bakin wannan rami yana aiki tamkar wani shimfiɗaɗɗen abu mai kwarara, mai kauri, wanda lantarki ke iya bi ta cikinsa.

A 1997 Juan Maldacena ya kawo ra'ayin cewa jan-nauyi a wani ƙirƙirarren sarari mai awo biyar daidai yake da wata ƙa'ida ta ƙwayoyin halitta a iyakar wannan sarari, mai awo huɗu, wato tsawo da faɗi da zurfi da lokaci. Bisa wannan tushe, Bhattacharyya da Hubeny da Minwalla da Rangamani suka fitar da lissafin kwarara daga lissafin Einstein a 2008. A wannan shekara wasu rukunoni biyu na masana suka sa wa baƙin ramin caji, sai suka tarar cewa juyawar abu mai kwarara tana iya haifar da gudun caji a kan layin da yake juyawa. Son da Surowka sun bayyana dalilin haka a 2009. Amfanin wannan hanya ya fito a nazarin wani abu mai tsananin zafi da aka samar ta gwara cibiyoyin zarrar zinariya a Brookhaven ta Amurka, wanda aka sanar a 2005 cewa kaurinsa kaɗan ne ƙwarai.

Wajibi ne a rarrabe alaƙoƙin biyu. A cikin hadari, jan-nauyi yana aiki ne a kan gajimare. A cikin nazari na biyu kuwa, al'amari guda ne ake faɗa da lissafi iri biyu, shi ya sa masanan da kansu suke kiran jerin daidaiton da sunan ƙamus.

4.0 Matsalar kalmomi

Matsala ta farko ita ce wasu masu fassara sukan kira ƙarfin da ke jawo abu ƙasa "maganaɗisun ƙasa". Wannan kuskure ne, domin maganaɗisu ƙarfe yake ja, alhali dutse da ruwa da damin gero duk suna faɗuwa. "Jan-ƙasa" ma bai wadatar ba, tunda rana da wata su ma suna ja. An zaɓi "jan-nauyi" saboda duk abin da yake da nauyi yana jan ɗan'uwansa.

Ta biyu, "ruwa-ruwa" bai haɗa da iska ba, ga shi kuwa lissafi guda ne ke bayyana motsin ruwa da na iska. "Abu mai kwarara" ya tattara su duka.

Ta uku, Hausa ta rarrabe kauri irin na kunu, da yauƙi irin na kuɓewa, da danƙo irin na ƙaro. Abin da ake aunawa a wannan fage shi ne jinkirin kwarara, don haka "kauri" ya fi dacewa.

Ta huɗu, walƙiya haske ce, cida rugugi ce daga nesa, aradu kuwa ita ce mai faɗowa ta yi ɓarna. Duwatsun da ake kira gatarin aradu kayan aiki ne na mutanen zamanin dā, babu dutsen da ke faɗowa tare da ita.

5.0 Kammalawa

Kalmar da aka zaɓa tana da tasiri har a gona. Ɗalibin ajin yaƙi da jahilci da aka koya masa cewa maganaɗisu ke jawo komai yana iya zaton ajiye hauya ya isa kariya, ya je ya fake gindin itace. Aradu ta fi faɗa wa abu mai tsawo da ke tsaye shi kaɗai a fili, ko da babu ƙarfe a jikinsa. Ƙara tana tafiyar kimanin kilomita 1 cikin daƙiƙa 3, don haka mai ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa zai san kusancin hadari. Yana da kyau masu shirya littattafai su gwada waɗannan kalmomi a azuzuwan manya na Mai Yara da kewayenta kafin a shigar da su ƙamus.