Ruwan Shan Kano Da Manoman Bakin Kogi

Jama'a, a wannan mako zan ɗan bar zancen taki da iri, in yi maganar ruwan sha, domin abin da na gani cikin rangadin da na yi a bakin Kogin Challawa. Wani zai ce, ina ruwan malamin gona da famfo? To, ku saurara.

Ruwan famfon da ake sha a birnin Kano daga kogi ake jawo shi. Gidan ruwa na farko an gina shi a Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Da gari ya bunƙasa aka gina madatsar Tiga, aka gama ta a 1974, sannan ta Challawa a 1992, aka kuma yi wani gidan ruwa a Tamburawa. Kafin ruwan nan ya isa gidan ruwa sai ya ratsa gonaki masu yawan gaske, kome aka zuba masa a hanya kuwa da shi zai tafi. In ya iso da laka, sai an sa masa alif mai yawa kafin ya kwanta, a tace, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Yawan laka, yawan kuɗi, kuma ruwan da za a tura gari ya ragu.

Daga ina lakar take? Yawancinta ƙasar gona ce. Na tarar da wani manomi ya yi huɗa har bakin gaɓa, bai bar ko taki ɗaya ba, kunyoyinsa kuma duk sun miƙe sun fuskanci kogi. Na tambaye shi ko gonar tana nan yadda ya gaje ta. Ya yi shiru, sa'an nan ya nuna mini wani kututture can cikin yashi, ya ce da nan ne iyakarsu. Kun ga ya yi hasarar gona, mutanen gari kuma sun sha lakarsa. Maganin abin ba wuya: a bar ɗan fili a bakin gaɓa, kamar taki goma, a dasa jema ko gamba. Saiwar jema tana nitsewa ƙasa ƙwarai, tana riƙe gaɓa, ciyawar kuwa tana tare ƙasa da takin da ruwa ya kwaso. Ba a yi hasara ba, gama gamba ana zana da ita. Kunya kuma a gitta ta, kada ta bi gangare.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wankin injin feshi a kogi. Mutum ya gama feshin tumatir, sai ya gangara ya ɗauraye tankin, ya jefar da kwalbar maganin nan take. Alif ba ya fid da wannan dafi. A ɗebi ruwa a bokiti, a wanke can tudu nesa da kogi da rijiya.

Ba manomi kaɗai ke da laifi ba. Ruwan majemu da masana'antu na Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa Challawa, na Bompai kuma yana bin Getsi ya faɗa Jakara. Jakara dai ta riga ta zama magudanar ƙazantar birni, har ta kai madatsar Wasai, kuma da wannan ruwa masu lambu da yawa ke ban ruwan latas da kabeji. Wannan sai hukuma. Amma mai lambu ya iya sakin ruwan ta cikin kunya maimakon watsa shi a kan ganye, mai saye kuma ya wanke ganyen sosai da ruwa mai tsabta.

Sauran ku 'yan kasuwa da malaman ofis. Ruwan da aka kashe kuɗi aka tace domin sha, shi kuke wanke mota da shi, ku buga bulo, ku shayar da furanni, alhali ruwan sama yana zuba daga kwanonku yana cika lungu. Ga lissafi: ɗakin da rufinsa ya kai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, in damina ta ba da milimita 800, lita 80,000 ce ta sauka a kansa, wato duro 400. Ko kashi ɗaya cikin goma aka tara ta indararo an rage wa famfo nauyi. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, a rufe bakin duron saboda sauro.

Da can kududdufan birni su ke tare ruwan damina, ya tsima a hankali ya cika rijiyoyi. An cike da yawansu an yi gini, shi ya sa ambaliya da damina, ƙafewar rijiya da bazara. Wanda bai riga ya dafe tsakar gidansa duka da siminti ba, ya bar wani gefe ƙasa, ya dasa ko da zogale ne, ya juya ruwan alwala da na wanke-wanke can.