Maharba Suna Nan, Daji Ya Tafi: Nazari Kan Farautar Ƙasar Bunkure

Duk wanda ya ratsa ƙasar Kura da Bunkure da rani, abin da zai cika masa ido shi ne shinkafa da alkama da tumatir da albasa, kore shar, magudanan ruwa sun keta su ta ko'ina. Ba zai ga kurmi ba. Amma a wannan ƙasa da ba ta da dajin kirki akwai ƙauyukan da farauta ce gadonsu, kuma har yau samari ba su daina shigarta ba. Akasarin 'yan Najeriya ba su san da haka ba sai ranar 27 ga Maris, 2025, da aka tare wata babbar mota a Uromi ta Jihar Edo, aka kashe mutum 16 daga cikin maharban da ke hanyarsu ta dawowa gida Sallah daga Jihar Ribas. Da dama daga cikinsu 'yan Torankawa ne, a ƙaramar hukumar Bunkure. An yi ta magana a kan kisan, kuma ya cancanci a yi. Abin da ba a tsaya an tambaya sosai ba shi ne: me ya kai ɗan Bunkure neman gada a wurin da ke da nisan kilomita kusan 1,000 daga gidansu?

Sai an fara da yadda sana'ar take tun asali. Farauta a ƙasar Hausa iri biyu ce. Akwai ta gayya, wadda ake fita da rani bayan an kawar da amfanin gona, da karnuka da gora da barandami, ana kiɗa ana kirari, a kewaye daji a taso da abin da ke ciki. Akwai kuma ta maharbi, mai tafiya shi kaɗai ko su biyu, wanda aikinsa haƙuri ne. Shi ne mai bin sawu, mai sanin mashayar dabbobi da inda kanya ko tsamiya ke zubar da 'ya'ya. Idan ya gano wurin, sai ya hau bishiya tun da la'asar, ya gitta 'yan itatuwa a tsakanin rassa ya ɗaure su da igiya, ya zauna dako. Hikimar hawan a fili take: gada da barewa hancinsu da kunnensu suke dogara da su, kuma ba kasafai suke ɗaga kai sama ba. Wanda ke bisa, iska na ɗauke warinsa ta wuce da shi, yana hango abin da ke tafe tun daga nesa, kuma idan abin da ya zo sha mai haɗari ne, ya riga ya tsira.

Irin wannan farauta ba ta bukatar jari mai yawa. Bindigar toka maƙerin gari ne ke ƙera ta. Albarushi da 'yan guntayen ƙarfe ba su fi ƙarfin talaka ba. Igiya, wuƙa, fitilar goshi, sai kare idan da hali. Ilimin kuwa kyauta ne ga ɗan gado, ya sha shi a bayan mahaifinsa ko kawunsa, a ƙarƙashin Sarkin Baka. Idan aka kwatanta da abin da yaro ke bukata kafin ya noma kadada ɗaya ta shinkafa a gonakin noman rani na Kadawa, wato hayar fili, taki, iri, maganin feshi da kuɗin leburori, to shiga farauta kusan kyauta ce. A ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa sana'ar ta ƙi mutuwa, fiye da batun al'ada da ake yawan ambata. Al'ada tana da nata tasirin, ba shakka: wanda aka yi wa kirari da garaya a gaban jama'a ba ya son a ce ɗansa ya bar gidan. Amma kirari ba ya sa samari su kwashe watanni a dajin da ba nasu ba. Rashin abin yi ne ke sawa.

Daji kuwa ya tafi ne a idon mutanen da har yanzu suna raye. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da gwamnatin Audu Baƙo ta ɗauko, kuma ruwanta ne ke shayar da shirin noman rani na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko zai kai kadada kusan 22,000 a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam. Daga baya Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da aka kafa a 1976, ta karɓi kula da shi. Domin a baje fili ruwa ya gudana, sai da aka tumɓuke bishiyoyi da sagagi. Gonar da a da ake barinta ta huta, zomo da gafiya da makwarwa su samu mafaka, yanzu sau biyu ko uku ake nomata a shekara. Mutane suka ƙaru. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano sama da mutum miliyan 9. Abin da injin baje ƙasa ya bari, masu itacen girki da gawayi suka ƙarasa. Babu mai hankalin da zai ce a mayar da Kadawa daji. Shirin ya ciyar da Kano, ya kafa kasuwar shinkafa ta Kura da ta tumatir a Kwanar Gafan. Sai dai ribarsa ta fi zuwa ga mai fili da mai jari. Maharbi ya rasa dajinsa, kuma ba lallai ne ya samu gona a madadinsa ba. Ko mai gonar ma ba kullum yake dariya ba: a 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonaki a wannan yanki har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta dakatar da aiki.

Dajin da ya rage a kusa shi ne Falgore, a kudancin jihar, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000. Gandun dabbobi ne da doka ta hana farauta a ciki, kuma a shekarun baya ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka mayar da shi maɓoya, har sojoji suka kafa filin atisaye a can. Maharbin da ya shiga da bindiga yana iya gamuwa da ma'aikacin gandu, ko ɗan fashi, ko soja, kuma babu wanda zai yi masa kyakkyawar fassara a cikinsu. Saboda haka ido ya koma Kudu, inda har yanzu akwai kurmi da gonakin rogo masu tara gyazbi da beguwa da gada, inda kuma naman daji abinci ne mai tsada da ake rububinsa a kasuwa da gidajen abinci. Abin da a Bunkure za a dafa a ci a gida, a can kuɗi ne a hannu.

Amfanin wannan tafiya ba a ɓoye yake ba. Kuɗin da ake aikowa na sayen hatsi, yana biyan kuɗin taki, yana aurar da 'ya'ya. Manoman Kudu da dama ma suna maraba da mai rage musu gyazbin da ke cinye rogo. Kuma sanin daji da maharba ke da shi ya taɓa yi wa ƙasa rana: a 2014 maharba da 'yan banga na cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram.

Illolin sun fi nauyi. Ta farko ita ce wadda Uromi ta nuna. Baƙo mai bindiga da karnuka, ba ya jin yaren gari, a yankin da garkuwa da mutane ta addabi jama'a har kowa ya zama abin zargi, yana tafiya ne da ransa a hannu. Dokar makamai ta 1959 ta yarda a mallaki bindigar toka da lasisi daga kwamishinan 'yan sanda na jiha, amma ɗan bangan da ya tare mota a bakin hanya ba shi da wata hanyar tantance takardar da aka bayar a wata jiha, ko katin ƙungiyar da bai taɓa jin sunanta ba. Wannan ba uzuri ba ne ga waɗanda suka yi kisan gilla. Laifi ne da hukunci kawai ya dace da shi. Gwamna Monday Okpebholo na Edo ya zo har Torankawa ta'aziyya tare da Gwamna Abba Kabir Yusuf, 'yan sanda kuma sun sanar da kama mutum 14 a kwanakin farko. Amma ta'aziyya ba ta sauya yanayin da zai sa wata motar ta sake bin wannan hanya ba.

Ta biyu, abin da ya faru da dajin Kano shi ne ake kai wa dajin wasu. Arewa na da dokar kare namun daji tun 1963, tarayya na da ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, amma babu lokacin buɗe farauta da rufe ta da ake bi a aikace, babu mai ƙidaya abin da aka kashe. Mai fitilar goshi da dare ba ya bambance gada mai ciki da namiji. Sauƙin shiga ya kuma kawo waɗanda ba 'yan gado ba, ba su san hani da ladubban da dattawa ke koyarwa ba, kuma ta nan ne a birnin Kano sunan farauta ya cuɗanya da na daba. Ga haɗarin bindigar da ke fashewa a hannun mai ita, ga faɗowa daga bishiya idan barci ya ɗauki mai dako.

A kan wannan batu na ƙarshe akwai abin dubawa a Amurka. A 'yan shekarun nan maharban barewa a can sun rungumi wata dabara ta hawa bishiya da wata ɗamara mai kama da majanyi, wadda ke tallafe ƙugu da cinyoyi. Mutum ya hau kamar mita 6 da 'yan matakalai masu sauƙin ɗauka, ya ɗaura igiya a jikin bishiyar, ya taka wani ɗan faranti, ya jingina baya yana rataye, gangar bishiyar ta ɓoye shi. Wani maharbi ɗan Michigan, John Eberhart, ya daɗe yana yaɗa ta. Sun so ta ne don ba ta da nauyi, mai ƙaramin ƙarfi na iya haɗa kayan da 'yan ɗaruruwan daloli, kuma tun daga ƙasa har sama mutum a ɗaure yake. Wannan ɓangaren maharbinmu zai iya kwaikwayonsa gobe da igiya mai ƙarfi da ɗamarar masu hawa turakun lantarki. Abin da ba ya kwaikwayuwa cikin sauƙi shi ne barewar da ake jira. Wajen 1900 irin wannan barewa ta kusa ƙarewa a Amurka, ta ragu zuwa kusan 500,000. Yau ana ƙiyasta ta kai miliyan 30. Abin da ya dawo da ita lasisi ne, da ƙayyade lokacin farauta da adadin da mutum zai harba, da dokar Pittman-Robertson ta 1937 wadda ta ɗora haraji a kan bindigogi da harsasai ana zuba kuɗin a kula da daji. Maharbin can arha yake samun kaya, amma yana biyan kuɗin daji kowace shekara. Namu arhar ta haɗa har da dajin, shi ya sa ya ƙare.

A watan Mayun 2025 Shugaba Tinubu ya amince a kafa rundunar masu tsaron gandun daji. Idan Kano za ta ɗauki ma'aikata don Falgore, ban ga waɗanda suka fi maharban Bunkure da Rano da Kibiya cancanta ba, domin sun san sawu, kuma albashi zai rage masu hawa motar Kudu. Sai dai runduna ba za ta ɗauke kowa ba. Sauran suna bukatar rajista guda da 'yan sandan kowace jiha za su iya dubawa, wadda sarakunan baka za su tsaya wa mambobinta, da kuma sanar da hukumomin garin da za a sauka kafin a ɗauko bindiga. Wannan aiki ne da gwamnatin jiha da masarautar Rano za su iya farawa ba tare da jiran Abuja ba.