Basil D'Oliveira: Ɗan Wasan Kurket Da Mulkin Wariya Ya Ƙi

Gabatarwa

Kurket wasa ne na ƙungiyoyi biyu, kowace da mutum 11. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya buge shi da faffaɗan katako, sa'an nan ya ruga tsakanin turaku biyu don samun maki. A Ingila gundumomi ne ke riƙe da manyan ƙungiyoyin wasan, kuma a zamanin da ake magana a kai guda 17 ne. Ɗan wasan gunduma ɗan albashi ne, yana aiki daga Afrilu zuwa Satumba, a wancan zamanin kowane wasa kwana uku ne, kuma daga cikinsu ake zaɓen masu wakiltar ƙasa. Wannan maƙala za ta duba rayuwar ɗaya daga cikinsu, watau Basil D'Oliveira, don nuna yadda sana'ar mutum guda ta tona asirin wata gwamnati.

Tasowarsa

An haife shi a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu a 1931. Dokar wariyar launin fata ta sanya shi cikin jinsin masu ruwa biyu, saboda haka ba shi da damar wasa da fararen fata, balle ya wakilci ƙasarsa. Da rana yana aiki a maɗaba'a, ranakun hutu kuma ya yi wasa a filayen da babu ciyawa sai tabarma da ake shimfiɗawa. Duk da haka sunansa ya fita, har ya jagoranci ƙungiyar waɗanda ba farare ba zuwa Afirka ta Gabas a 1958.

Da ya ga kwanakin ƙuruciya na wucewa, sai ya rubuta wa John Arlott, mai sharhin kurket a BBC, yana neman taimako. Ta hanyarsa ƙungiyar Middleton ta ɗauke shi a 1960 a kan fam 450. Kuɗin jirgi ma sai da jama'ar unguwarsu suka yi masa karo-karo.

Zamansa A Worcestershire

A 1964 ya shiga ƙungiyar gundumar Worcestershire, bayan ya rage shekarunsa don kada a ce ya tsufa. Gwani ne a bugu da jifa duka biyu, kuma ya taimaka gundumar ta zama zakara a 1965 da 1974. Da yake ya zama ɗan ƙasa, Ingila ta fara sa shi wasa a 1966, ya kuwa wakilce ta sau 44.

Rikicin 1968

A watan Agusta na 1968 ya ci maki 158 a kan Ostireliya a filin Oval na Landan, ana dab da zaɓen waɗanda za su tafi wasa Afirka ta Kudu. Tun kafin nan wani jami'in kamfanin taba ya yi masa tayin aikin koyarwa da kuɗi mai tsoka, da sharaɗin ya janye daga tafiyar, amma ya ƙi. Da sunaye suka fito, babu nasa, jama'ar Ingila kuwa suka yi ca a kan masu zaɓen. Ana cikin haka sai Tom Cartwright ya janye saboda rauni, aka sa D'Oliveira a gurbinsa. Nan take Firayim Minista John Vorster ya ce ƙasarsa ba za ta karɓi ƙungiyar ba, aka fasa tafiyar. Daga 1970 aka ƙaurace wa Afirka ta Kudu a kurket na duniya, ba ta dawo ba sai 1991.

Kammalawa

D'Oliveira ya ci gaba da yi wa Worcestershire wasa har 1980, sa'an nan ya zama mai horar da ita, ta kuma zama zakara a 1988 da 1989. Ɗansa Damian da jikansa Brett duk sun yi wa gundumar wasa. Ya rasu a 2011, kuma a yau kofin da Ingila da Afirka ta Kudu ke fafatawa a kai sunansa yake ɗauke da shi. Shi dai bai taɓa zama ɗan siyasa ba. Abin da ya nema kurum shi ne a auna shi da aikinsa, wannan kuwa shi ne abin da mulkin wariya bai iya ba.