Awo Kafin Aza Tubali: Amanar Ƙiyasin Gini a Ma'aunin Shari'a

Da wuya mu zaga wata unguwa a garuruwanmu ba mu ci karo da masallaci ko makarantar Islamiyya da gininta ya tsaya a linta ba. Rodi ya yi tsatsa, ciyawa ta tsiro a inda aka yi niyyar shimfiɗa sahu. Duk Juma'a ana shelar neman taimako, jama'a kuma suna bayarwa. Daga baya sai ƙananan maganganu su fara yawo, a zargi kwamiti, a zargi ɗan kwangila, mutanen da suka shekara ashirin suna sallah kafaɗa da kafaɗa su daina gaisawa. Idan muka bi diddigi, sau da yawa ba wanda ya ci ko sisi. An dai haƙa harsashi ne ba tare da an san nawa ginin zai ci ba.

Akwai ƙwararren da aikinsa ke nan, wato mai awo da ƙiyasin kuɗin gini. Mai zane yana fitar da siffar gini, injiniya yana tabbatar da ƙarfinsa, shi kuwa mai ƙiyasi yana karɓar zanen ya mayar da shi lissafi. Zai auna ramin harsashi, da kankare, da bulo, da rodi, da yaɓe, da katako, da kwanon rufi, ya rubuta adadin kowanne da farashinsa a kundi guda. A Nijeriya masu wannan sana'a sun kafa cibiyarsu ta NIQS a 1969, aka kuma kafa hukumar yi musu rajista, QSRBN, a 1986. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana cikin wuraren da ake koyar da fannin.

Mu ɗauki bango mai tsawon mita 20 da tsayin mita 3. Faɗin fuskarsa murabba'in mita 60 ke nan. Idan ƙofa da tagogi sun cinye murabba'in mita 8, saura 52. Bulo mai inci tara kusan guda 10 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya, don haka ana buƙatar 520, a ƙara kashi biyar cikin ɗari saboda fashewa, su zama 546. Wanda ya ƙi cire gurbin ƙofa da tagogin nan ya karɓi kuɗin bulo 80 da ba za a taɓa azawa ba. A bango ɗaya ke nan.

Haka abin yake a kankare. Haɗin da aka saba rubutawa shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Idan aka riƙa ƙara kwanon sarki biyu na yashi a kan kowane buhu mai kilo 50, ido ba zai gane ba bayan ya bushe. Idan zane ya ce rodi mai milimita 12 aka sa mai milimita 10, an rage kusan kashi uku cikin goma na ƙarfen da zai ɗauki nauyi. Wannan ragi yana ɓoye a cikin ginshiƙi, ba ya bayyana sai ranar da rufi ya rufta a kan masu sujada ko yara masu karatu.

A nan ne sana'ar ta haɗu da addini. Alƙur'ani ya keɓe sura guda, Suratul Muɗaffifina, da ta buɗe da gargaɗi mai tsanani ga masu tauye awo, ya kuma ba mu labarin mutanen Madyana da aka halaka bayan sun bijire wa kiran Annabi Shu'aibu (AS) na cika mudu da sikeli. Mun saba jingina wannan ga mai awon hatsi a kasuwa, alhali tef ɗin awo ma mudu ne. A Sahihu Muslim an ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya hana cinikin garari, wato wanda ba a san haƙiƙanin abin da ake saye ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu.

Malaman fiƙihu suna kiran kwangilar ƙera abin da bai samu ba tukuna da sunan istisna'i. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, a zamanta na Jidda a 1992, ta tabbatar da cewa ƙulli ne mai ɗaure ɓangarorin biyu, da sharaɗin a fayyace jinsin abin, da nau'insa, da adadinsa, da siffofinsa, a kuma yanke wa'adi. Kundin mai ƙiyasi shi ne ke cika mafi yawan waɗannan sharuɗɗa a aikace.

Magabatanmu ba su raina wannan aiki ba. Ɗabari ya ruwaito cewa lokacin da Halifa Mansur ya fara gina Bagadaza a shekara ta 145 bayan Hijira, wato 762, an ɗora wa Imam Abu Hanifa kula da ƙirgar tubali, ya kuwa riƙa auna tarin tubalin da kara maimakon ƙirga su ɗaya bayan ɗaya.

Tauye awo kuma ba laifin ɗan kwangila ne kaɗai ba. Kwamitin da ya ƙara aji biyu bayan an yi ciniki sannan ya ƙi ƙara kuɗi, ko ya riƙe haƙƙin birkila da lebura wata da watanni, shi ma ya tauye. Mai ƙiyasi yana kare kowa. Yakan je wurin aiki ya auna abin da aka gina a zahiri kafin a biya kowane kaso, ya yi wa duk wani canji farashi a rubuce, ya tanadi yadda za a yi idan siminti ya tashi, ya kuma riƙe wani ɗan kaso, galibi kashi biyar cikin ɗari, har sai an ga ginin bai nuna aibi ba. Shi ma yana da tasa jarrabawar: idan ya kumbura adadi don a raba rarar da shi, ko ya sa hannu a kan aikin da bai gani ba, ya yi shaidar zur.

Saboda haka muna kira ga kwamitocinmu da kada su haƙa rami sai kundin ƙiyasi yana hannu. A liƙa shi a allon masallaci kowa ya gani, a raba aikin mataki-mataki daidai ƙarfin aljihun jama'a, a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ladan mai ƙiyasi ƙanƙane ne idan aka gwada shi da asarar ginin da ya tsaya shekara goma. Naira ɗari biyun da tsohuwa ta kwance daga bakin zanenta ta jefa a akwati amana ce, kuma za a tambaye mu bulo nawa ta saya. Allah Ya ba mu ikon cika awo.