Tsohuwar kyamara ta lalace: A gyara ko a sayi sabuwa?

A WATAN jiya na je gaida kawuna, wanda ya yi zamanin ɗaukar hoto a lokeshan tun ana rububin kaset a Kasuwar Ƙofar Wambai da ke Kano. Na tarar ya tasa tsohuwar kyamararsa a gaba, ya zabga tagumi. Sony PD150 ce, irin wadda ta fito a 2000. Ya saka mata kaset, ta tauna shi, ta kuma ƙi buɗewa. Ɗansa ya ce a sayar wa 'yan gwangwan, a cika kuɗi a sayi sabuwa. Shi kuma Kawu ya kafe a kan sai an gyara.

To, mai karatu, wa ya fi gaskiya a cikinsu?

Idan maganar fita aiki ce, gaskiyar yaron ce. Hoton da wannan kyamara ke ɗauka bai wuce 720 a 576 ba, alhali finafinan da muke kallo a YouTube yanzu sun kai 1920 a 1080, kuma ko wayar hannunka za ta iya ɗaukar hakan. Kaset ɗinta na Mini DV minti 60 ne. Kafin edita ya fara tacewa sai ya juye shi a kwamfuta ta wayar FireWire, kaset na awa ɗaya ya ci masa awa ɗaya cur. Sababbin kwamfutoci ma ba su da ramin wannan waya. Ga shi an daina ƙera kayan gyaranta, sai dai a farke wata matacciya a ɗinke wata. Duk furodusan da ya dogara da ita, ranar da ta tsaya masa a lokeshan, ga 'yan wasa sun yi kwalliya, ga rana tana faɗuwa, zai gane kurensa.

Amma fa Kawu ba don aiki yake son ta ba. A ƙarƙashin gadonsa akwai kwali cike da kaset: mastocin finafinai, da ragowar sina-sinan da ba a saka ba, da hotunan 'yan wasan da wasu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Kaset ɗin Mini DV ba ya shiga bidiyon gida. In babu kyamara ko na'ura irin tasa, shi da dutse duk ɗaya. Wani lokaci ma kaset ya fi fita tangaran a kyamarar da ta ɗauke shi, saboda saitin kanta ya ɗan bambanta da na sauran.

Wannan matsala ba ta Kawu ba ce shi kaɗai. Tun daga 'Turmin Danya' na 1990 har zuwa zamanin 'Sangaya' da 'Wasila', a kaset aka ajiye tarihin industiri. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera bidiyon VHS, ya daina a 2016. Shi kuma kaset ba ya jira: zafi yana cin sa, damina ta sa masa fumfuna, ƙurar hunturu ta ƙarasa shi. 'Shaihu Umar' na Adamu Halilu, fim ɗin 1976, ya yi sa'a an gano shi, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a Berlin a 2018. Finafinanmu na kaset fa, wa zai zo ya nema mana su?

Saboda haka shawarar da na ba su ita ce a gyara, amma don aiki ɗaya: juye kaset. A kai wa wanda ya san kyamarar kaset, ba mai gyaran waya ba. Yawanci matsalar dattin kai ce, ko robar da ke jan zare ta bushe, kuma waɗannan suna gyaruwa. Idan kan ne ya cinye, gara a nemi wata tsohuwar irinta mai rai. In ta tashi, a fara gwada ta da kaset marar muhimmanci, kada a saka masta. Kaset mai fumfuna kuma kada ya kusance ta. A juye komai a kwamfuta, a ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban. Kuɗin sabuwa kuwa a tara shi daban.

Kawu ya yarda, ɗan ma ya yarda. Ranar Asabar za mu kai ta wajen mai gyara. Kai ma mai karatu, in akwai kwali irin wannan a gidanku, ka leƙa shi tun kafin damina ta sake zagayowa. Allah ya sa a dace, amin.